Kayan gyaran keke na gado: Yadda ake gane su kafin a miƙa wa 'yan gwangwan

A unguwar Yelwa da ke Jalingo, kamar a sauran tsofaffin unguwannin Arewa, idan dattijon da ya yi sana'ar gyaran keke ya rasu, akan tarar da akwatin ƙarfe ko tsohon buhu a ƙuryar zaure, cike da ƙarafan da tsatsa ta rufe. Magada sukan san darajar gida da gona da dabba, amma akwatin nan ba kasafai ake kula da shi ba. Sau da yawa 'yan jari bola ne ke ɗaukarsa, a auna a sikeli, a biya kuɗin nauyin ƙarfe. Alhali a cikinsa akwai kayan da da wuya a same su sababbi a kasuwa, kuma akwai kekunan da ba sa gyaruwa yadda ya kamata sai da su.

Dalilin haka yana cikin awo. Kekunan da suka fara cika ƙasar nan, irin su Raleigh da Hercules da Rudge, a Ingila aka ƙera su, bisa awon inci. Kamfanin Raleigh, mai tambarin kan zalɓe, a birnin Nottingham ya kafu, daga baya ya buɗe masana'anta a Kano, kuma ya daina haɗa kekuna a Nottingham a shekarar 2002. Notinan waɗannan kekuna suna bin tsarin da injiniya Joseph Whitworth ya fito da shi a 1841 da kuma wanda masu ƙera keke na Ingila suka gina a kansa, yayin da sifanun da ake sayarwa yau kusan duka na milimita ne.

Saboda haka abin da za a fara dubawa shi ne rubutun da ke jikin sifana. Idan an ga lamba kamar 10 ko 13 ko 15, ta zamani ce, ana samun irinta ko'ina. Idan kuwa an ga 3/16 ko 1/4 ko 5/16 tare da harafin W, ko BSW, ko BSF, to ta tsohon awo ce. Lambar tana nufin kaurin ƙusar da notin yake hawa, shi ya sa bakin sifanar ya fi lambar faɗi. Mai alamar 1/4 W, alal misali, bakinta ya ɗan haura milimita 13. Sifana 13 ba ta shiga notin, 14 kuma tana zamewa har ta cinye masa kusurwa. Kaniken da ya rasa irin wannan sifana sai ya koma ga filaya ko guduma da kurfi, kuma ta nan ne kyawawan tsofaffin kekuna da yawa suka lalace.

Sauran kayan ana gane su da siffa. Shafaffen ƙarfe mai ramuka da bakuna daban-daban shi ne sifanar da akan ba mai sayen sabon keke, wani lokaci da sunan kamfanin a jiki. Siririyar sifana da kaurinta bai wuce milimita biyu ba ta daidaita boris ɗin cibiyar ƙafa ce, domin mai kauri ba ta shiga wurin. Ɗan zagayayyen ƙarfe mai tsage-tsage a gefe na ɗaure wayoyin ƙafa ne idan ta karkace. Wanda yake da ɗan tsinke mai murɗawa na yanke kaca ne da haɗa ta. Akwai kuma ƙarafa masu lanƙwasasshen baki na ɓanɓare taya, da mai ƙugiya na kwance zoben da ke riƙe da sandar feda. Sunaye irin su King Dick da Cyclo da Dunlop a jikin ƙarfe alama ce ta ƙirar Ingila.

Akan kuma tarar da abubuwan da kaniken ya ƙera da hannunsa ko ya sa maƙeri ya yi masa: guntun bututu na ƙara wa sifana tsawo, ko tsohon cokalin gaban keke da aka kafa a katako don miƙe ƙafa. Ba su da suna, amma su ne mai sana'a zai fi saurin ganewa.

Kada a yi wa tsatsa gaggawa. A jiƙa ƙarafan a kananzir kwana ɗaya ko biyu, a goge da burushin waya, a shafa ɗan mai. Kai su injin wasawa kuskure ne, domin yana share rubutun, yana kuma buɗe bakin sifana ta daina kama noti. Tsohon famfo yakan dawo aiki idan aka ɗiga wa fatar cikinsa mai. Busasshen sholisho da faci da tsohuwar roba kuwa a zubar.

Kafin a yanke shawara akwai haƙƙi. Kayan sana'a ɓangare ne na dukiyar mamaci, ana ƙirga su bayan biyan bashi da cika wasiyya, kuma ba daidai ba ne ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da yawun sauran ba. Ya dace a tambayi abokan sana'ar marigayin, domin kanikawa suna yawan aron kaya a tsakaninsu, kuma mai yiwuwa wani sirdi ko ƙafa a akwatin na wanda ya kawo gyara ne bai karɓa ba. Su ne kuma za su iya yi wa kayan kuɗi na gaskiya. Rarraba su ɗaiɗai tsakanin magada yana kashe amfaninsu. Gara ɗaya ya ɗauka a cire a rabonsa.

Batun samun maƙudan kuɗi daga masu tara kayan tarihi na Turai, kada a sa rai da shi sosai. An ƙera waɗannan sifanu da yawan gaske, kuma kuɗin aikawa daga Jalingo zai iya cinye ribar. Darajarsu tana nan gida. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine, kuma tsofaffin Raleigh da Phoenix masu ƙafa inci 28 har yanzu suna ɗauko doya da masara da itace daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Taraba. Idan a gidan akwai mai sha'awar sana'ar, shi ya fi cancanta. Idan babu, yaron shagon marigayin, wanda ya san inda kowace sifana take shiga, zai biya fiye da abin da sikeli zai bayar. Wanda yake son abin tunawa da mahaifinsa sai ya ɗauki sifanar nan mai ramuka, wadda kanike zai iya aiki ba tare da ita ba, ya bar masa sauran.