Juyen baƙin mai na farko: Yaushe ya kamata mai sabuwar mota a yankin Ƙonni ya yi shi?

A Birnin Ƙonni, garin kan iyaka da ke kallon Illela ta jihar Sakkwato, sabuwar mota ba ta cika kwana biyu ba tare da mai ita ya sha shawarwari ba. Wani zai ce a zubar da man da ta zo da shi tun ba ta yi tafiya ba. Wani zai ce a jira ta cinye kilomita 1,000. Wani kuma zai ce man kamfani ya fi duk wanda ke kasuwa, a bar shi.

Tambayar tana da nauyi, domin yawancin motocin guminsu ya yi tsawo. Wasu kuɗin albasar Galmi ne na shekaru, wasu kuma ɗan uwa ne da ke ci-rani a Libiya, Abijan ko Amurka ya tara ya aiko. Idan inji ya buga, gyaransa kan ci babban kaso na kuɗin motar, a kan man da bai wuce lita huɗu zuwa biyar ba.

Asalin maganar kilomita 1,000

Al'adar gaggauta juye, wanda direbobin Nijar ke kira vidanji, tana da tushe. A injunan da, ƙarafan ciki ba sa fitowa sumul daga masana'anta. A makonnin farko zoben fistin yana gogar bangon silinda har su daidaita, ƙurar ƙarfe kuma tana zuba cikin mai. Wannan lokaci shi ake kira rodaji, kuma zubar da man bayan kilomita 1,000 zuwa 1,500 ya zama doka a wurin tsofaffin makanikai.

Injunan yanzu ana sassaƙa su da na'urori masu daidaito sosai, filtar mai ma ta inganta. Shi ya sa kamfanoni da dama suka daina neman juyen gaggawa a ƙananan motoci. A yawancin littattafan Toyota, abin da ake nema a kilomita 1,000 na farko ya shafi tuƙi: a guji mugun gudu, a guji take totur da ƙarfi farat ɗaya, kar kuma a daɗe ana tafiya da gudu iri guda. Honda ma ta daɗe tana shawartar masu motocinta su bar man farko har lokacin da aka tsara.

Sai dai littafin yana da shafi biyu

A nan ne masu mota da yawa ke yin kuskure. Littafin da ke zuwa da mota yana da jadawali biyu: na yanayin yau da kullum, da na yanayi mai tsanani. Na farko kan ba da kilomita 10,000 ko fiye. Na biyu kan rage shi zuwa kusan rabi, wato kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa.

Abubuwan da kamfanoni ke lissafawa a matsayin yanayi mai tsanani sun haɗa da hanya mai ƙura, ɗaukar kaya masu nauyi, gajerun tafiye-tafiye da barin inji yana aiki mota na tsaye. Duk wanda ya san yankin zai gane hotonsa a wannan jeri. Motar da ta sauka daga kwaltar RN1 ta shiga burjin ƙauyukan Illela ko Malbaza tana shaƙar jar ƙura. Hunturu na kawo tasa. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Ga dogon layi a bakin iyaka, ga bin bayan manyan motocin siminti na Malbaza, ga lodin fasinja da buhuna ranar kasuwar Badagishiri.

Don haka ga motar da ta fito fil daga kamfani, lissafin da ya dace da wannan yanki shi ne na shafi na biyu. Wanda ya ga dama ya yi juyen farko da wuri, a kilomita 1,000 zuwa 2,000, bai cutar da injin ba, muddin ya zuba irin man da aka rubuta kuma ya canza filta. Abin da ya rage masa kuɗin man ne kawai. Idan kuma motar tana da garanti daga dillali a Yamai, wajibi ne a kiyaye ranakun sabis da takardunsa, domin tsallake su na iya soke garantin. Tafiyar sama da kilomita 400 zuwa babban birnin ta fi sauƙi a kan biyan kuɗin sabon inji.

Sabuwa a hannunka, tsohuwa a hanya

Mafi yawan motocin da ake kira sababbi a Ƙonni sun riga sun yi shekaru a Turai ko Amurka. Sun daɗe suna shigowa ta tashar jiragen ruwan Kwatano, kafin rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome.

Irin wannan mota ba ta buƙatar rodaji, amma tana buƙatar juye nan take. Babu wanda zai tabbatar da ranar da aka zuba man da ke cikinta. Ta kwana a filin gwanjo, ta kwana a jirgi, ta yi makonni ko watanni a tashar ruwa, sannan aka tuƙo ta ɗaruruwan kilomita. Mai yana lalacewa da daɗewa ko da mota ba ta motsa ba. Matakin farko shi ne sabon mai, sabuwar filtar mai da duba filtar iska, sannan a rubuta lambar da ke kan agogon tafiya.

Masu karɓar mota daga 'yan uwa a Amurka su lura cewa agogonta da mil yake ƙirga. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka wanda ya jira agogo ya ƙara 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000.

Babur na da nasa hukunci

Abin hawan da matasa suka fi saya sabo dal shi ne babur, musamman 'yan kabu-kabu, sai keke mai ƙafa uku. A nan shawarar tsofaffin makanikai tana nan daram. Ƙaramin babur kusan lita ɗaya ta mai yake ɗauka, kuma man guda ne ke yi wa inji, giya da kuloci aiki. Da yawansu raga kawai gare su maimakon filtar takarda. Masu ƙera su kan nemi juyen farko tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, abin da ɗan kabu-kabu mai ƙwazo ke iya cinyewa cikin mako guda ko biyu.

Wane mai za a zuba?

Juye a kan lokaci ba ya amfani idan man bai dace ba. An saba da cewa ƙasar zafi sai mai kauri irin 20W-50. Wannan ya yi wa tsofaffin injuna daidai, amma yawancin na zamani an ƙera su ne don mai tsinkakke kamar 5W-30 ko 0W-20, wanda ke saurin ratsa ƙananan hanyoyin cikin inji da zarar an tayar. Lambar tana cikin littafi, sau da yawa ma tana kan murfin wurin zuba man.

Sai kuma batun jabu. Man da aka ɗura a gorar ruwa babu mai sanin asalinsa, kuma akan samu wanda aka tace tsoho aka sake zubawa a galan mai suna. Masu mota da suka ga jiya kan sayi galan a rufe daga gidan mai ko shagon da suka yarda da shi, su tsaya a buɗe shi a gabansu.

Bayan juye, sandar gwajin mai ita ce abokiyar shawara. A duba ta kowane mako da safe, mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri, kafin a tayar da inji. Idan kuma jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, ko a tsakanin Tsernawa da Tahoua ne, a tsaya a kashe injin nan take.