Murhun da Ke Riƙe Zafinsa

Yau shirin namu ya yada zango a Sundimina, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, kuma a bakin murhu za mu zauna.

Idan jaura ta kaɗa a watannin Disamba da Janairu, daga nan har Gwaram, uwargida ce ke fara ji a jikinta. Ta ɗora tukunya kan duwatsu uku, iska na janye harshen wuta gefe, tuwo bai nuna ba damin itace ya ƙare. Marke da kirya kuwa sai ƙara nisa suke yi a daji.

Wasu sun waye, suna gina murhun laka. Sai dai akwai kuskuren da ke damuna: ana ɗauka kaurin gini shi ne ƙarfin murhu. Danƙararriyar laka ita ke fara shanye zafin kafin ya isa gindin tukunya. Maimakon haka, a kwaɓa yumɓu da buntun shinkafa ko ƙaiƙayin gero. Wuta na ci, ƙaiƙayin na ƙonewa a cikin ginin, ya bar ƙananan ramuka, iskar da ke maƙale a ciki ita ke tare zafi. A bar murhun ya bushe a inuwa, rana tana tsattsaga shi.

Mai kurfoti ko murhun ƙarfe da ke son kewaye shi da gini, to, ta bar tazarar yatsu uku tsakanin ƙarfen da bangon, ta cika da busasshiyar toka. Kada ta danna, kada kuma ta zuba yashi, shi ma mashayin zafi ne. Sannan ta shafe saman da laka, ta bar ƙofar iska a buɗe.

Hanyar hayaƙi dai, don Allah, kada a toshe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2. Garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kasko don jin ɗumi ma yana fitar da iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Iyayenmu mata, a fitar da kaskon tsakar gida kafin a rufe wa yara ƙofa.