Tasirin Gauraye a Kan Launi da Aibin Duwatsun da Ake Ƙerawa

Hausawa sun san sunan yakutu ta hanyar Larabci, amma ba kowa ya san cewa asalinsa ba shi da launi ba. Abin da ya haɗa shi alminiyam ne da iskar oksijin, waɗanda in suka daskare tsantsarsu, dutsen garau yake fitowa kamar ruwa. Jan nan da ake tsadarsa dominsa, baƙo ne ya kawo shi.

Bayanin haka shi ne, ƙwayoyin zarra a cikin dutsen jere suke sahu-sahu, kowace da gurbinta. Idan aka zuba ɗan ƙarfen kuromiyam a cikin narkakken sinadarin, sai wasu ƙwayoyinsa su zauna a gurbin alminiyam. Masana na lissafa wannan cikin aibi, domin sahu ya gurɓata. To, amma aibin nan ne ke shanye koren haske, ya bar ja ya wuce zuwa ido. In kuwa baƙin ƙarfe da titaniyam suka shiga tare, shuɗi ake samu. A 1902 Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yakutu da harshen wuta, kuma da ƙerarren yakutu Theodore Maiman ya kunna hasken leza na farko a Amurka a 1960. Kuromiyam ɗin da ke cikinsa kimanin kashi 0.05 ne cikin ɗari.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne gaurayen da ke warkar da aibi. Akwai wani dutse, litiyam nayobet, da ake amfani da shi wajen sarrafa haske a wayoyin sadarwa na gilashi. Yayin da ake jawo shi sannu a hankali daga narkakken sinadari, litiyam kan gaza, sai nayobiyam ya mamaye gurabensa. A 1966 aka lura a ɗakunan binciken Bell cewa haske mai ƙarfi in ya ratsa shi, sai ya watse maimakon ya tafi sak. Magani ya fito daga masanan ƙasar Sin a 1980: a ƙara maganiziyam kimanin kashi 5 cikin ɗari. Shi ne ke tsare guraben, ya hana nayobiyam zama inda ba nasa ba. Sai dai fa akwai ƙa'ida. In bai kai wannan adadi ba, watsewar hasken na nan, ko da ta ragu.