Yoyon man giya a tsohuwar mota: Yadda ake gano shi da yadda ake gyara shi

Da yawa daga masu tsofaffin motoci kan tarar da ɗigon jan mai a inda motarsu ta kwana, su kawar da kai saboda ba shi da yawa. Idan abin ya dame su, sai su sayi gorar mai su ajiye a but, suna ciko duk bayan 'yan kwanaki. Wannan ɗabi'a ta kashe giyar motoci masu yawa, domin ciko ba ya rufe ɓaraka, kuma ranar da aka manta da shi giyar ce ke biyan kuɗin mantuwar.

A motar otomatik aikin man giya ya wuce sa ƙarafa santsi. Shi ne ke ɗauko ƙarfin inji ya kai wa giya, matsinsa ne ke danne faifan kulochin da ke ciki lokacin sauya giya, sannan shi ke kwashe zafi. Da zarar ya ragu, matsin zai faɗi, faifan su riƙa zamewa suna ƙonewa. Direba zai ji motar ta yi jinkiri kafin ta ɗauka bayan ya sa ta a D ko R, ko inji ya yi ƙugi alhali gudun bai ƙaru ba, ko ta riƙa fizga wajen sauya giya. Mai bin cunkoson Mararraba zuwa Nyanya kullum ya fi kowa shiga haɗari, saboda tafiya da tsayawa cikin zafin rana na gasa man da ya rage.

Kafin a kai ga gareji, ya kamata a tabbatar cewa man giya ne. A shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙasan motar da dare, a duba da safe. Sabon man giya ja ne, ba shi da kauri kamar baƙin mai, idan ya tsufa kuma yakan koma ruwan ƙasa. Sai dai launi kan yaudari mutum: tsofaffin motocin Toyota da dama da irin wannan jan man ake cika tukunyar sitiyarinsu, kuma ruwan lagireton kamfanin ma ja ne ko ruwan hoda. Na lagireto ba shi da maiƙo idan aka murza shi a yatsa. Na sitiyari kuwa, duba tukunyarsa kawai zai nuna ko shi ne ke raguwa.

Daga nan sai awo da geji, a wuri mai shimfiɗa, bayan motar ta yi tafiya ta ɗau zafi. A tsofaffin Toyota Camry da Corolla ana aunawa inji na aiki, giya na kan P. A Honda Accord kuwa kashe inji ake yi, a auna cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Wanda ya auna ɗaya da ƙa'idar ɗaya zai samu sakamakon ƙarya.

Gano ainihin wurin yoyon shi ne inda ake yawan yin kuskure, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya idan ana gudu, don haka wurin da yake ɗiga ba lallai ne nan ya fito ba. Bakanike mai haƙuri zai wanke jikin giyar tas, ya bari ya bushe, ya barbaɗa farar hoda a wuraren da yake zargi, a ɗan zagaya da motar, sannan a hau rami da tocila. Wuri mafi tsayi da hodar ta jiƙe shi ne tushen matsalar. Duk wanda ya leƙa ƙasan mota mai dauɗar shekaru ya ce nan take sai an sauke giya, hasashe yake yi, kuma da aljihun mai mota yake yin sa.

Galibin yoyo daga wurare masu sauƙi yake. Na farko shi ne gaskit ɗin kaskon da ke ƙasan giya, wanda zafi da tsufa ke busarwa, ko kuma kaskon ya daki dutse ko tudun rage gudu ya lanƙwashe. Ana kwance shi, a wanke, a miƙe bakinsa, a sa sabon gaskit. Notinansa ƙanana ne, kuma ɗaure su da ƙarfin tsiya yana murƙushe gaskit ɗin ya ƙara yoyon. Lafta gam da yawa ma illa ne, domin abin da ya tsattsafo ta ciki yakan ɓalle ya toshe matatar mai. Tsofaffin Accord ba su da wannan kasko, sai dai wasar notin tsiyaye mai, wadda ake so a sauya duk lokacin da aka kwance shi.

Akwai kuma tiyo biyu da ke kai mai lagireto ya huce ya dawo. Robarsu kan tsage, maɗaurinsu kan saki, kuma yoyonsu ya fi sauri saboda man na tafiya da matsi. Tiyo ɗaya da ya fashe a kan hanya zai iya zubar da man cikin 'yan mintuna. Sai sil ɗin da ke bakin shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba, wanda sau da yawa ake raunatawa lokacin sauya shaf. A tsofaffin Mercedes masu giya biyar, soket ɗin wayoyin da ke shiga giyar sanannen wurin yoyo ne, kuma ƙaramin abu ne ake sauyawa.

Mai wahalar shi ne sil ɗin gaba, wanda ke tsakanin inji da giya. Alamarsa jan mai na ɗigowa daidai mahaɗar biyun. Idan baƙi ne, to sil ɗin bayan inji ne. Shi kansa ba shi da tsada, amma ba a kai wa gare shi sai an sauke giya, don haka hikima ce a sauya sil ɗin biyu a lokaci guda. Mafi muni kuma shi ne yoyon da ba ya taɓa ƙasa: idan bututun man da ke cikin lagireto ya ɓule, ruwa da mai su gauraya, geji ya fito da abu mai kama da madarar da aka zuba wa ja. Irin wannan mota ba a sake tuƙa ta, janye ta ake yi, domin ruwa yana ɓanɓare faifan kulochi.

Magungunan toshe yoyo da ake sayarwa a gora kumbura roba kawai suke yi na ɗan lokaci, ba sa ɗinke tsagaggen tiyo ko lanƙwasasshen kasko. Zuba man birki a giya da wasu ke ba da shawara kuwa lalata sauran sil ɗin yake yi.

Bayan gyara sai a kula da irin man da za a mayar. Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 suna shan T-IV, Camry ta 2007 kuma WS, yayin da tsofaffin Honda ke amfani da Z1, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. A kan geji ko a littafin mota akan rubuta wanda ya dace, kuma ko a Ƙofar Ruwa za a saya, ko Panteka, ko Apo, a duba hatimin gorar, a buɗe ta a gaban mai mota. Kwance kasko ba ya fitar da man duka, kimanin lita 3 zuwa 4 ne ke zuba a irin waɗannan motoci, saura na maƙale a ciki. Saboda haka a zuba kaɗan-kaɗan ana aunawa, domin man da ya wuce ƙima yakan yi kumfa ya yi ambaliya ta ƙofar shan iskar giya, har a zaci wani sabon yoyon ne. Bayan kwana biyu ko uku a sake shimfiɗa kwali, a kuma sake duba geji.