Kwamfuta da Nazarin Karin Sautin Hausa

Na shafe wata guda a gidanmu da ke Bolori ina gwada manhajojin da za su amfani ɗalibin harshe. Da farko, rubutu. Duk manhajar da ba ta aiki da Unicode takan lalata ɓ, ɗ da ƙ, har mutum ya koma rubuta "kafa" a madadin "ƙafa". Saboda haka a riƙa adana aiki da tsarin UTF-8.

Sai sauti. Na naɗi muryata da Audacity, na buɗe ta a Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙiro a Jami'ar Amsterdam. Layin "kuka" na hawaye ya tsaya sama, na "kuka" ta miya kuwa ya sauko a gaɓar ƙarshe. Manhajojin biyu kyauta ne. 'Yan'uwa ɗalibai, a gwada su kafin a fara rubuta kundi.