Kishiyata Mai Taya Huɗu

Idan maigidanki na cikin mazan nan da ke tashi da sassafe ranar Asabar su ɗauki tsumma da bokiti, su shafe awa biyu suna goge jikin mota alhali ke ko sabon lallen hannunki bai lura da shi ba, to matso kusa, yau hirar tamu ce. Ni ma ina da irin wannan kishiya. Baƙa ce, 'yar Jamus, ta kuma riga ni shiga gidan.

BMW ce ƙirar 328i, daga jerin da masu mota ke kira E36, waɗanda aka ƙera a shekarun 1990. Tamu ta 1997 ce. Injinta silinda shida, lita 2.8, ƙarfin doki 193 ranar da ta baro kamfani, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Shi ya sa samari masu wasan mota a Kano da Kaduna da Abuja ke son irinta, don da an taka totur a kwana sai bayanta ya zame. Waɗannan lambobi ba a makarantar jinya na koye su ba. Zama da mai so ne: yau a faɗa miki, gobe a maimaita, har ki haddace ba ki shirya ba.

'Yar Baƙa yake ce mata. Da kuɗin da ya fara tarawa a wurin aiki ya saye ta, gwanjon Beljiyam, tun yana saurayi. A cikinta yake zuwa zance gidanmu, ita ta shige gaba ranar ɗaukar amarya, ita ta kai ni asibiti ƙarfe uku na dare da naƙudar fari. A kujerar gabanta marigayi mahaifinsa ya yi zuwansa na ƙarshe masallacin Idi. Na jera miki wannan ne don ki gane abin da ni sai da na yi shekaru kafin na gane: namijin da ke son mota irin wannan so, ba ƙarfe da roba kawai yake gani ba. Ƙuruciyarsa ce a ajiye a ƙofar gida. Ranar da kika ce masa "sayar da akwalar nan", abin da ya shiga kunnensa daban da abin da kika faɗa.

Yadda aka yi ta ƙawata amarya

Na faɗa masa, ba sau ɗaya ba, kuma ina da hujjata. A shekara huɗun farko na aurenmu ba na jin an yi wata biyu a jere 'Yar Baƙa ba ta kwana a gareji ba. An cire salansarta an sa mai ruri, wadda in ya shigo layi jaririya ke firgita daga barci. An sa mata manyan wili masu walƙiya. An yanke sifirin don ta yi ƙasa, har ya zama duk tudun rage gudu sai ya bi shi a karkace kamar ƙaguwa. An cire sitiyarinta na asali an sa ƙarami irin na 'yan tsere. Yau yana Ƙofar Ruwa, jibi ya aika Panteka a Kaduna a nemo masa wani ƙarfe. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ce to, yanzu dai zai haƙura, don silinda shida ba ta san azumi ba. Ina! Sai ya rage fita da ita, ya ƙara goge ta.

Duk faɗanmu a lokacin a kan kuɗi ne da hayaniya. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da ya fi su muhimmanci ba, duk da cewa aikina ke nan kullum.

Abin da nake gani a wurin aiki

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɓangaren ba da agajin gaggawa. Daren Asabar da Lahadi, lokacin bukukuwa, mun san me ke zuwa. An ɗauko amarya, samari sun jera motoci, wani ya ce bari ya nuna bajinta a shataletale. Wanda ake kawo mana sau da yawa ba direban ba ne. Ƙawar amarya ce da ta zauna a baya ba bel, ko almajirin da ya tsaya kallo a bakin titi, ko yaron da uwarsa ta ɗora a cinya a kujerar gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Duba shekarun nan da kyau, 'yar uwa. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu.

Ga lissafin da nake so ki riƙe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki har ta wuce gidaje biyu. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya sau huɗu take ninkuwa. Karo a gudun kilomita 50 kacal, gudun cikin gari, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar daga bene hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe yaro a wannan lokaci, komai ƙaunarta.

Duk na san wannan. Amma in na dawo gida sai na ajiye shi tare da farar rigata.

Ranar da abin ya zo gidana

Wata Juma'a da yamma muna dawowa daga gaida Hajiya, mahaifiyarsa. Ɗanmu na biyu, yana da shekara huɗu lokacin, yana tsaye a baya tsakanin kujerun gaba yana riƙe da kafaɗar babansa, yana cewa "Abba, ka sa ta yi kuka!" Baban ya ɗan taka, ta yi rurin nata, yaro yana dariya. Sai ga mai Keke Napep ya faɗo titi ba sigina. Maigida ya danne birki, tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja kamar ba za ta tsaya ba. Allah ya kiyaye ba mu taɓa keken ba. Amma yaron ya wuce ta tsakaninmu, bakinsa ya daki gaban mota.

Ɗinki huɗu aka yi masa a leɓe, haƙori ɗaya ya tafi. Ni na riƙe kansa abokiyar aikina tana ɗinkin, a ɗakin da na saba riƙe 'ya'yan wasu. Babansa yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa duk jini, ya kasa shigowa.

Washegari na fita na durƙusa gaban tayoyin. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayoyinmu na gaba sun haura shekara goma. Wili sabo fil yana ɗaukar ido, tayar da ke kansa kuwa ta gwanjo ce, duk ta tsattsage. So hana ganin laifi: shi walƙiyar yake gani, ni kuma rasit nake gani, babu wanda ya duba abin da ke taɓa kwalta.

Zaman da muka yi

Kwana uku ba mu yi maganar ba. A na huɗu, bayan sallar isha'i, shi ya fara. Ya ce, "Na yi wa dillali magana, gobe zai zo ya gan ta." Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan. Amma da na dubi fuskarsa sai na ga in ta tafi a haka, zai ɗauki laifin ya ajiye a ransa, ni kuma in zama wadda ta raba shi da ita. Kuma ko Corolla ya sayo, in yaro zai tsaya a tsakanin kujeru a kan tsohuwar taya, me aka canza?

Na ce, "Abban yara, ba sayarwa nake so ba. So nake ka so ta yadda ya kamata. Ka ƙawata ta don mutanen layi, yanzu ka gyara ta don mutanen gidanka."

Ga sharuɗɗan da muka yi a daren, ko za su yi miki amfani.

Na farko, abin da ke tsayar da mota shi ne gaba da abin da ke sa ta gudu. Taya sabuwa, ba ta gwanjo ba, a kuma duba ranar da aka yi ta kafin a biya. Manyan kamfanonin taya na cewa da ta cika shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta bai cinye ba, balle a zafin kwaltarmu. Man birki kuma yana tsotsar damshi, in ya tsufa ya yi zafi sai birki ya yi laushi, don haka ake canza shi duk shekara biyu.

Na biyu, sitiyarin asali ya dawo. Ƙaramin nan na 'yan tsere ba shi da jakar iskar da ke buɗewa ta tare ƙirjin direba a lokacin karo. Yankakken sifirin ma ya tafi, aka sa cikakke da sababbin shokazoba, don tayar da ke tsalle a kan gargada ba ta kama ƙasa.

Na uku, salansa. Na haƙura da ɗan rurinta, shi kuma ya yarda a toshe duk wata kafa da walda ta bari. Hayaƙin da ke sulalowa cikin mota yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma hana jini ɗaukar iskar numfashi. In yaranki na yawan kukan ciwon kai, jiri ko amai a wata mota takamaimai, musamman in an rufe gilashi, kada ki ce rigima ce. A kai ta a duba.

Na huɗu, yara a baya, kowa a ɗaure. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana cewa yaron da bai kai shekara 12 ba wurinsa kujerar baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari, bel kuma na rage ta manya da kusan rabi. Muka sayi kujerar auta, farashinta bai kai na wili ɗaya ba. Kada kuma ki taɓa sa kujerar jariri mai kallon baya a gaba inda akwai jakar iska. Dokar gidanmu yanzu: ba a tada mota sai an ji ƙarar bel ɗin kowa.

Na biyar, ba gudu da iyali a ciki, ba wasa a ayarin biki, ba ba wa ƙannensa aron makulli. Cikin gari 50, babbar hanya kada ta wuce 100. Na sa masa lambar gaggawa ta FRSC, 122, a wayarsa, ke ma ki sa a taki.

Na shida, kuɗi. 'Yar Baƙa tana da asusunta. Sai an cire cefane, kuɗin makaranta, haya da na magani, abin da ya ragu ake jefa mata. In asusu ya ƙare, ta jira wata mai zuwa kamar kowa.

Inda muke yanzu

Tana nan a ƙofar gida, ta kusa shekara talatin a duniya. Bara lagireto ya fashe, wanda sananniyar cuta ce ga irinta saboda robobin da ke jikinsa kan ƙone in sun tsufa, ta yi wata biyu a rufe da tampol har asusu ya cika. Bai taɓa kuɗin makaranta ba, ni kuma ban ce masa "ka gani ko" ba. Ranar da ta tashi, ni na ce mu fita shan iska.

Wanda ya fi kowa sonta yanzu shi ne mai tabo a leɓe. Ranar Asabar shi ke riƙe bokiti, ya san inda ake duba baƙin mai, ya iya karanta shekarar taya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, uwargida. Yaron da ke kallon babansa yau, nan da shekara goma sha biyar shi ke riƙe da sitiyari. Son mota zai gada ko kin so ko ba ki so ba. Abin da ke hannunki shi ne irin son da zai gada: na mai taka totur don a tafa masa, ko na mai durƙusawa ya duba taya kafin ya ɗauki mutane.

Yau da yamma in maigida ya dawo, ɗauki wayar nan da ke hannunki, kunna tocila, ki je ki karanta lambobi huɗun da ke gefen tayarsa. Ki zo ki faɗa mana abin da kika gani a ƙasa, da yadda kike zama da taki kishiyar. Allah ya tsare mana iyalanmu a gida da kan hanya, amin.