Birkin Diram a Tsohuwar Beetle: Ƙafar Direba Ce Ke Fara Gano Ciwon

Shirinmu na yau na kanikawa ne da direbobi, da duk wanda ya gaji tsohuwar mota ya ƙi rabuwa da ita. Batunmu birkin diram, kuma motar da za mu duba ita ce Volkswagen Beetle.

Dattawanmu sun san ta sarai. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo da ke Legas, shekarar da Peugeot ma ya fara aiki a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya shiga hannun ma'aikata. Malaman makaranta da akawuna da yawa da ita suka fara riƙe sitiyari. An ƙera sama da miliyan 21 a duniya, ta ƙarshe kuwa ta fito daga Puebla ta ƙasar Meziko a Yulin 2003. Ke nan duk wadda kuka gani a titi yau tsohuwa ce, kuma mafi yawansu diram ne a duk ƙafafunsu huɗu. Yaran gareji na yanzu da birkin faifai suka buɗe ido, shi ya sa idan irin wannan mota ta shigo, sau da yawa sai a tura mai ita kasuwar Fanteka ko ta Ƙofar Ruwa sayen kaya tun ba a san abin da ya lalace ba. Wannan ɗabi'a ce nake so mu bari.

Aikin birkin ba shi da wuyar ganewa. Diram wani kwanon ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai shu guda biyu masu lanƙwasa. Idan ka taka birki, masta, wato babbar silindar birki, tana tura mai ta cikin bututu zuwa wata 'yar silinda a kowace ƙafa, silindar ta buɗa shu su manne wa cikin diram. Ka ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su baya. Duk matsalar da za ta taso, a cikin wannan 'yar tafiya take.

To, malam direba, zauna a kujerarka, mota na tsaye, ka taka birki. Idan ya yi ƙasa sosai amma can ƙarshe ya tsaya da tauri, kuma ka sake takawa sau biyu ya hau sama, kada ka yi gaggawar zargin masta. Birkin Beetle ba ya gyara kansa yadda na motocin baya-bayan nan ke yi. Shu na cinyewa, ratar da ke tsakaninsa da diram na ƙaruwa, sai an sa hannu an matso da shi. Kowace ƙafa tana da ajasta biyu, wato noti mai haƙora, ɗaya ga kowane shu. Za a ɗaga motar, a saki birkin hannu gaba ɗaya, a zura sukundireba ta ramin da aka tanada, a juya ajasta har taya ta ƙi juyawa, sannan a mayar da shi baya haƙora uku ko huɗu har tayar ta saki. Ajasta takwas ne a motar, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Sai an gama wannan ake taɓa wayar birkin hannu. Wanda ya fara da ɗaure waya ya ɓoye ciwon ne, kuma shu na baya za su riƙa gugar diram suna zafi. Ina tabbatar muku, Beetle da yawa da aka ce birkinsu ya mutu, wannan aikin kaɗai suke jira.

Idan kuwa birkin ya yi laushi yana lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, iska ce ta shiga bututu. Nan ne za ka ji maigida a ƙarƙashin mota yana ce wa yaronsa ya yi ta takawa, sannan ya riƙe, shi kuma yana sassauta ɗan notin fitar da iska. Amma a tambayi kai, ta ina iskar ta shiga? Idan kuma ka danne birki ka riƙe sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, to ko dai mai na yoyo a wani wuri, ko robar cikin masta ta gaji. Buɗe bonet na gaba ka duba gorar mai. Idan mai ya ragu, bi bayan kowace taya ka nemi danshi. Idan bai ragu ba, laifin masta ne.

Sai motar da ke fizgar sitiyari idan an taka birki. A nan ake yawan yin kuskure. Mota tana karkata ne zuwa gefen da ya kama, saboda haka idan ta ja dama, a fara buɗe ƙafar hagu, domin sau da yawa ita ce ta ƙi aiki. Wataƙila silindarta ta yi tsatsa ta cije, wataƙila mai ya jiƙa shu. A ƙafar baya mai iri biyu ke iya yin wannan ɓarna: man birki daga silinda, da man giyabos da ke biyo aksil idan sil ya lalace. Hanci ma yana bambance su, don man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi. Shu ɗin da ya sha mai ya gama aiki. Na san akan wanke shi da fetur, wasu har su babbaka shi a wuta su goge da samfefa. Man ya riga ya ratsa cikinsa, da ya ɗauki zafi zai sake tsattsafowa. A canza shu, kuma a canza na hagu da na dama tare, bayan an toshe inda man ya fito.

Akwai wata matsala mai ɓoyayyen asali. Ka yi 'yar tafiya, sai ka ji mota ta yi nauyi, taya ɗaya ta ɗau zafi har tana ƙauri. A waje tiyon roba da ke kai mai ga wannan ƙafa lafiya lau yake, amma cikinsa ya kumbura don tsufa. Ƙarfin ƙafarka na iya tura mai ya wuce, sifirin kuwa ba ya iya maido da shi. Gwajin mai sauƙi ne: a sassauta notin fitar da iska na ƙafar, idan mai ya yi tsartuwa taya ta saki nan take, tiyo ne. Idan kuma duk ƙafafun ne ke kamawa, a duba fedar, domin dole ta sami ɗan wasa na milimita 5 zuwa 7 kafin ta fara tura masta.

Birki mai bugun ƙafa kuma, alama ce ta diram ya daina zama da'ira. Ana iya kai shi wajen mai injin gyaran ƙarfe, amma da iyaka. Faɗin cikinsa milimita 230 ne, idan ya wuce 231.5 sai dai a nemi wani. Wajen mayar da na baya, a kula da babban notin nan mai lamba 36. Ɗaurinsa na bukatar ƙarfin da mutum mai kilo 60 zai bayar idan ya tsaya a ƙarshen ƙarfe mai tsawon rabin mita, sannan a sa ƙusar da ke kulle shi. Idan ya yi sako-sako, haƙoran diram za su cinye.

'Yan'uwana kanikawa, kada ku hura ƙurar cikin diram da baki ko da injin iska. Tsofaffin shu da asbestos aka yi su, kuma ƙurarsa na jawo mummunan ciwon huhu bayan shekaru. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Abu biyu kuma nake roƙo a daina. Na farko, toshe bututun ƙafar da ke yoyo da ƙusa don a lallaɓa. Na biyu, zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Man birki na DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma yana shan danshin iska, kuma idan ya sha, iyakarsa na iya saukowa zuwa 140. Ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Ku tuna gangaren Hawan Kibo a hanyar Jos: diram ya yi zafi ya buɗe ya nisanci shu, mai ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu komai. A irin wannan gangare a sa ƙaramin giya, injin ya taimaka wajen riƙe motar.

Mai Beetle, ka canza man birkinka duk shekara biyu. Idan ka ratsa ruwa da damina, ka ɗan danne birki kana tafiya a hankali har shu su bushe. Gobe da safe kuma, kafin ka fita, taka birkin ka riƙe shi na rabin minti. Idan ya nutse, kada motar ta bar gida sai an duba ta.

A nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye mana hanya, mu kwana lafiya.